Bagaruwa a Tsohon Gwangwani

A gidanmu na Badarawa babu ciwon fatar da ya fi ƙarfin bagaruwa. Ƙurajen zafi, bagaruwa. Ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, bagaruwa. Jariri ya saɓule a matsematsi, bagaruwa. Ina kyautata zaton da ɗayanmu zai kawo sakamakon jarrabawa marar kyau, Baba zai fara leƙa buhu ya ga ko da saura kafin ya soma faɗa.

Baba ne likitan, ba Inna ba. In zafin bazara ya kankama muka fara susa kamar masu ƙwarƙwata, sai ya ɗebo 'ya'yan bagaruwa busassu, ya daka su sama-sama a ƙaramin turmi, ya zuba a wata tukunyar ƙasa da ko kunu Inna ba ta isa ta dama a ciki ba. Ya kwarara ruwan zafi, ya juya da tsinken itace, ya bar shi ya huce, ya tace da ƙyalle. Ruwan yakan fito kalar shayin da ba madara. Sai ya jera mu a tsakar gida daga mu sai gajeren wando, yana bin wuya da baya da hammata yana dannawa. Kafin ka ƙirga ashirin za ka ji fatarka ta ɗaure, ƙaiƙayin ya mutu. In tsautsayi ya sa ɗigo ya shiga bakinka kuwa, baurin zai tattare maka harshe har la'asar.

Doka ɗaya ce a wannan asibitin: ƙarfe ba ya kusantar bagaruwa. Ba cokali, ba wuƙa, ba kwano. Na taɓa kawo masa cokali don neman suna, ya make min hannu har cokalin ya faɗa kwata. Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce, "Don na ce." Baba ba ya bayani, shi umarni yake bayarwa. Ni kuwa da na fara karatun kimiyya a sakandare sai na yanke wa abin hukunci da kaina, na saka shi layi ɗaya da hana shara da magariba da hana tsallake mai kwance. Camfi ne na tsofaffi, aljanun bagaruwa ne ba sa son ƙarar cokali.

Mutanen unguwa sun san Baba a matsayin direba. Shekaru ya yi yana jan bas daga Kawo zuwa Zariya, har ya san ramukan Rigachikun fiye da yadda ya san ranakun haihuwarmu. Amma kafin sitiyari, majemi ne a Kano, ɗan majemi, jikan majemi. Tun yana yaro yake cikin ramukan jima, tsakanin ɗanyar fata da toka da kashin tantabara da ruwan bagaruwa, har ya kusa talatin. Sana'ar ta bar shi, amma ba ta bar hannunsa ba. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa launinsa daban ne, ya fi sauran jikin duhu, faratan kuwa ja-ja-baƙi kamar goron da aka tauna aka ajiye. Shi ko a jikinsa. In baƙo ya cire takalmi a ƙofar ɗaki, Baba zai ɗauka ya lanƙwasa ya shinshina, ya ce wa mutum a gaban kowa, "Wannan roba aka sayar maka, Alhaji."

Ni ne abin yake damu. Na faɗa ba tare da kwana-kwana ba: kunyar hannun ubana nake ji. Duk fom ɗin da aka ce a rubuta sana'ar mahaifi, direba nake sawa, ina jin daɗi cewa ban yi ƙarya ba, rabin gaskiya kawai na ajiye a gida.

Da na kama aiki a wani ofis a Doka na haɗu da yarinyar da nake so, ta zo bautar ƙasa. Gidansu a Malali yake, irin mai get da maigadi da karen da ba ya haushi sai ya ga talaka. Abbanta tsohon babban ma'aikaci ne, kuma ita da bakinta ta gaya min yadda yake binciken asalin manemi kamar jami'in kan iyaka yana zazzage kaya. Ta ce ya taɓa sallamar wani mai neman yayarta, mai mota da digiri biyu, saboda an gano kakansa mahauci ne. Tana faɗa tana dariya, ni ma ina tayawa. Sai ta ce, "Ku fa?"

Na ce, "Mu fataken fata ne a Kano."

Wallahi ko tari ban yi ba. Maganar ta fito sumul kamar na daɗe ina haddarta. Daga nan ƙaryar ta ci gaba da girma ba tare da na ƙara mata ko ruwa ba. Kafin ta isa kunnen Abba, Baba ya mallaki sito a Kano da motocin da ke kai kaya Legas. Ban gyara ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada kalmar majemi ta shiga gidan nan, don na san in ta shiga ta get ni ta nan zan fita.

Aka aiko cewa Abba yana son ganina ranar Asabar bayan la'asar. Ran Talata na je wurin mai aski, ni da kullum kilifa kawai ake bi min da ita, na ce yau a kankare min fuska da reza, ƙwal, irin ta 'ya'yan fatake. Ya kankare. Ran Laraba na tashi da ɗan zafi. Ran Alhamis daga ƙarƙashin haɓa zuwa maƙogwaro ƙuraje sun fito jajaye kamar an watsa min gero, wasu har da farin kai. Na je kemis aka ba ni wani man shafawa mai dogon suna, na lafta, wuya ya ɗauki wuta. Abokin aikina, mutumin Zonkwa mai shawara a kan komai, ya ce ai sifirit ne maganinsa, haka kawunsa soja yake yi. Na gwada a banɗakin ofis. Masinja ya ce sun ɗauka wani aka kama da sata.

Ran Juma'a Inna ta kalle ni ina cin tuwo da wuya a sanƙare, ta ce, "Kai, wannan wuyan za ka kai wa surukai? Ka bari Malam ya jiƙa maka bagaruwa mana."

Baba ya rage muryar rediyo, ya ce, "Kawo wuyan in gani."

Na ce, "A'a Baba, ina da maganin asibiti."

Ya mayar da muryar rediyonsa. Ba maganin asibiti ne ya hana ni ba. Ba na son hannun nan ya taɓa fuskar da zan kai Malali, gani nake kamar warin ramin jima zai bi ni har falon Abba, ramin da ko hanyarsa ban sani ba.

Asabar da safe madubi ya nuna min abin ya ƙaru. Nan na sauko, amma a ɓoye. Na san bagaruwa tana aiki, a jikina na sani, likitan ne kawai ba na so. Da hantsi Baba ya fita benci a ƙofar masallaci inda suke gyara ƙasa da baki shi da tsofaffin unguwa. Na lallaɓa sito na cika aljihu. Tukunyar ƙasa tana kicin kusa da ƙafar Inna, ɗaukarta daidai yake da shela. Sai na tuna wani tsohon gwangwanin madara a bayan ɗakina da ake tara ƙusoshi a ciki, ya yi tsatsa har ya canja addini. Na zazzage ƙusoshin, na ɗauraye shi sama-sama, na farfasa bagaruwar da guduma, na zuba ruwan zafi, na juya da ƙusa mai inci shida. Ina juyawa ina murmushi, ina cewa a raina, to aljanu, ga ƙarfe nan, ku fito.

Ruwan bai yi kalar shayi ba. Ya fara toka-toka, ya koma baƙi wuluk kamar tawadar allo. Wani mai hankali da ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi ashe duk shekarun nan Baba rowa yake mana, surkakke yake ba mu, yau ga na ainihi. Na tsoma hankici, na ɗaure daga kunne zuwa kunne, na kwanta. In ya bushe in sake tsomawa. Sau huɗu na yi. Kuma don Allah a ba bagaruwa haƙƙinta, ƙaiƙayin ya mutu murus, har barci ya ɗan ɗebe ni.

Kiran azahar ne ya tashe ni. Na kwance hankici na je madubi, na ga wani mutum da ban sani ba. Daga kunne zuwa kunne, daga leɓen ƙasa zuwa ƙashin wuya, baƙi mai shuɗi-shuɗi, da iyaka a miƙe kamar an ja da rula. Yatsuna goma su ma haka. Na sa sabulun wanka, na sa na wanki, na sa soso, na kai ga kalanzir. Babu abin da ya motsa sai ƙurajen da suka fashe. Awa biyu da 'yan kai suka rage, ga shadda a goge a kan gado, ga turare, ga ni kamar gindin tukunya.

Inna ta ji ruwa yana ta zuba ta leƙo. Ta yi salati, ta matso ta duba da kyau, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi tana share hawaye da gefen zani. Ta ce, "Sannu, ɗan fatake." A lokacin ban lura da abin da ta kira ni ba.

Baba ya dawo daga masallaci ya same mu a haka. Bai yi salati ba, bai yi dariya ba. Ya kama haɓata ya juya dama, ya juya hagu, ya murza da babban yatsa ya duba yatsan.

"A me ka jiƙa?"

Na nuna gwangwanin. Ya ɗauka, ya zaro ƙusar, ya shinshina ruwan.

"Kuloko ka haɗa," in ji shi. "Da shi ake rina fata baƙa. Bagaruwa da tsatsar ƙarfe, shi ke nan sirrin. Mu sai mun yi kwanaki muna jiƙa kashin maƙera kafin ya nuna haka." Ya sake juya haɓata. "Kuma ya kamu, babu dabbare-dabbare. Da fatar akuya ka rina da na ce hannunka ya faɗa."

Shekara ashirin ina jiran bayanin cokali, sai ranar na samu.

Na ce, "Baba, zai fita?"

Ya ce wa Inna ta kawo duk lemon tsamin da ke gidan, ta karɓo ƙari a maƙwabta, ta jiƙa tsamiya. Ya naɗe hannun riga, ya zauna a kujera, ya zaunar da ni a ƙasa, ya matse kaina tsakanin gwiwoyinsa kamar ragon da za a yi wa ɗure. Inna tana yankawa tana miƙo masa, don shi ko a nan ba zai taɓa wuƙa ba. Ya ja fatar wuyana da yatsa biyu ta miƙe, ya ɗora ɓarin lemon ya fara gogawa, gefe ɗaya kullum, daga sama zuwa ƙasa.

Wanda bai taɓa jin lemon tsami a kan fasasshen ƙurji ba bai san abin da ake kira tuba ba. Na kurma ihu har kajin Inna suka watse.

"Yi mana shiru," in ji Baba. "Fata dubu nawa na wanke, babu wadda ta yi min wannan rakin."

Na ce, "Baba, ai su sun mutu kafin su zo hannunka!"

Ya yi dariya, na ji gwiwoyinsa suna girgiza a kunnuwana. Baƙin ruwa yana gangarowa ƙirjina, yana goge shi da ƙyalle, yana karɓar sabon lemon. Hannunsa yana da kaushi amma bai kuskure ko sau ɗaya ba, ya san inda zai danna da inda zai sassauta. Rabon da hannun nan ya taɓa fuskata tun ina firamare. Babu warin komai a jikinsa sai na lemon da ɗan na goro.

Can, yana aiki a ƙarƙashin kunnena, ya ce cikin muryar da yake ba da labarin tsadar mai, "Shekaranjiya wani dattijo ya zo ƙofar masallaci. Ya ce shi kawun yarinyar ne, an aiko shi tambaya. Aka nuna masa ni."

Ya karɓi sabon lemon ya ci gaba.

"Muka gaisa. Ya ce sun ji labarin mu fataken fata ne a Kano, har da sito. Ya ce haka ne?"

Inna ta tsaya da yankan lemon. Ni dai ƙasa nake kallo, don ko ina so ba zan iya ɗaga kai ba.

"Na ce masa haka ne," in ji Baba. "Ga liman a zaune, ga mutanen da suka san ni shekara talatin. Ban taɓa yi wa mutum ƙarya a ƙofar masallaci ba sai ranar. Juyo ɗaya gefen."

Na juya. Hawaye suna zuba, kuma na gode wa lemon da ya ba ni abin fakewa. Kunya ce irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta hannun nasa nesa ba kusa ba.

Da ya gama da wuya ya ɗauraye da ruwan tsamiya, sannan da ruwan sanyi. Ya sa aka ɗauko tukunyar ƙasa, ya haɗa bagaruwa ta gaskiya mai kalar shayi, ya daddanna min. Fata ta ɗaure, raɗaɗi ya kwanta. Abin da ya rage ɗan duhu ne kamar na gemun kwana biyu. Sai ya kama yatsuna, ya fi daɗewa a kansu fiye da fuskar, yana bin gefen kowane farce.

"Hannu ake fara gani," in ji shi.

Na kalli nawa suna washewa a cikin nasa. Na ce, "Baba, naka bai fita da lemon ba?"

"Ban gwada ba." Ya sake ni, ya miƙe yana karkaɗe riga. "Tashi ka shirya. Yanzu babu wanda zai ce ka taɓa bagaruwa."

A cikin keke daga Badarawa zuwa Malali na sha alwashi. Na tsara jawabin har da inda zan tsaya in ja numfashi: Abba, mahaifina majemi ne, ɗan majemi, in za ka ba ni ka ba ni a haka. Na maimaita ya fi sau goma, har mai keken ya leƙo ni ta madubi. Na shiga falo, sanyin na'ura ya bugi wuyana, na zube na gaishe shi. Ya tambayi aiki, ya tambayi karatu. Ya cire tabarau ya ce, "An ce min ku fataken fata ne."

Na ce, "Haka ne, Abba."

Ina so a ce wani abu daban zan rubuta a nan, amma abin da na ce ke nan.

An ba ni ita. Ranar ɗaurin aure da safe na zagaya bayan banɗaki neman bokiti, na tarar da tulin ɓawon lemon tsami a matse, ya fi cikin kwano biyu. Na tsaya na kalle shi, na ɗauki bokitina na wuce. A masallaci Baba ya gaisa da surukansa da sauri-sauri, bai tsaya cin abinci da su ba, ya ce yana da baƙi a gida. Hotunan suna nan a wayata. Yana tsaye kusa da ni cikin babbar riga yana murmushi, kuma a duk cikinsu babu inda hannunsa ya fito.

Bai kai ga ganin 'yarmu ta fari tana tafiya ba, Allah ya ji ƙansa. Da aka raba 'yan kayansa babu wanda ya nemi tukunyar ƙasa, sai na sa ta a mota. Bazarar da ta biyo baya yarinyar ta feso da ƙurajen zafi a wuya da baya, ba ta barci, ba ta bari a yi. Na je Kawo na sayo bagaruwa, na daka, na zuba ruwan zafi. Ina neman tsinke sai ga matata ta miƙo cokali za ta juya. Ban san sanda na riƙe mata hannu ba.

Na ce, "Kada ki sa ƙarfe, kuloko zai zama."

Ta janye cokalin tana dariya. "To, ɗan majema, an motsa."

Na tsaya da tukunya a gabana. Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Tun ranar da Kawu ya je aka sani. Shi ma fa mutumin Kano ne, suna gaisawa ya ga hannun. Ya dawo ya faɗa wa Abba, Abba ya yi kwana biyu yana ƙunƙuni, daga baya ya ce ya gaji da korar mutane." Ta gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗa. "Ni na ɗauka wata rana za ka faɗa min da kanka."

Na ce, "Baba ya san kun sani?"

Ta ce, "Mu dai ba mu gaya masa ba. Ai kai ne ɗansa."

Yarinyar ta fara kuka tana susar wuya. Na fita tsakar gida na karyo tsinke, na dawo na juya ruwan, na zauna ina jira ya huce.